Ya ce ciwonsa 8 ne amma yana dariya a waya: me zan rubuta, me zan ba shi?

Wata ma'aikaciyar jinya da ba ta daɗe da fara aiki a ɗakin kwantar da waɗanda aka yi wa tiyata ba ta aiko da wannan tambaya: "A takardarmu akwai gurbin cike lambar ciwo daga 0 zuwa 10. Wani zai ce min 8 alhali yana hira a waya har da dariya, wani kuma ya ce 2 ga gumi yana keto masa. Wanne zan yarda da shi, kuma me zan rubuta? Sannan gaskiya ina tsoron mofin, maganin ciwon nan mai ƙarfi, kada in ba mutum numfashinsa ya tsaya a hannuna."

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Na yi shekaru tsakanin ɗakin farfaɗowa da ɗakin kwanciyar 'yan tiyata, kuma ni ma da irin wannan ruɗanin na fara.

Wanda ya ce 8, ki rubuta 8. Wanda ya ce 2, ki rubuta 2. A layi na gaba sai ki rubuta abin da idonki ya gane miki: wannan yana hira a waya, wancan yana gumi ya ƙi motsi. Abin da ba ki da iznin yi shi ne ki duba fuskarsa ki ƙirƙiro wata lamba ta uku ki ce ita ce gaskiya. Zafin jiki muna da abin auna shi, hawan jini ma haka, amma har yau babu na'urar da za a manna wa mutum ta faɗi yawan zogin da yake ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun 1968 wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Margo McCaffery, ta kafa ƙa'idar cewa ciwo shi ne abin da mai jin sa ya ce yana ji, kuma da wannan ƙa'ida ake aiki da sikelin da kike cikewa. Kada ki kafa hujja da bugun zuciya ko awon jini don ƙaryata majinyaci. Sukan hau a farkon ciwo, daga baya su sauko ciwon yana nan daram, wanda kuma yake shan maganin rage bugun zuciya, nasa ba lallai ya hau ba tun farko.

Mai dariya a waya, sau da yawa wayar ce maganin da ya samo wa kansa. Hira tana ɗauke hankali daga ciwo na ɗan lokaci, ki tsaya ki kalli fuskarsa minti biyu bayan ya ajiye ta. Barci ma haka yake: wanda ya kwana biyu bai runtsa ba zai iya yin barci cikin ciwo saboda gajiya, don haka "yana barci" ba hujja ba ce ta cewa ya samu sauƙi. Akwai kuma wanda bai gane sikelin ba, yana zaton idan bai faɗi babbar lamba ba ba za a kula shi ba. Wannan laifinmu ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sikelin nan kafin a shiga da mutum ya kamata a koya masa, yana cikin hayyacinsa: 0 babu ciwo ko kaɗan, 10 ciwon da ba ya iya tunanin wanda ya fi shi. A al'adar aiki 1 zuwa 3 mai sauƙi ne, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa sama mai tsanani. Wanda lissafi bai shige shi ba, kalmomi huɗu sun wadatar: babu, kaɗan, da dama, sosai. Duk wanda kika zaɓar masa, a ci gaba da shi har a sallame shi, kada mai aikin safe ta yi da lamba mai aikin dare ta yi da kalma.

Mai gumin nan da ya ce 2, shi ya fi damuna. Wani tsoron allura yake, wani tsoron kada ya saba da magani, wani ba ya son a ce ya cika raki, wani yana ganin kina ta kai-komo ba ya son ya ƙara miki aiki. Amma dalilin da ya fi yawa shi ne gaskiya ya faɗa miki: 2 ɗin ce, muddin bai motsa ba. Ki je kan mutumin da aka buɗe wa ciki jiya. Za ki same shi rigingine kamar katako, hannuwa a gefe, yana numfashi sama-sama da ƙirji kawai, yana amsa miki da kalma ɗaya ɗaya. Ya gano matsayin da ɗinkin ba ya ja, ya maƙale a wurin. Ki ce masa, "Baba, ɗan ja numfashi mai tsawo." Zai fara, ya tsaya a rabi, ya cije leɓe. Ki ce ya yi tari, sai ya yi wani ɗan gyaran murya ya riƙe ƙarfen gado. A nan za ki sake tambayarsa lambar, kuma a nan za ki ji 8.

Saboda haka kowane awo lamba biyu ne: yana kwance shiru, da kuma yana motsi. Ta biyun ce take gaya miki abin da zai faru gobe. Wanda ba ya iya jan numfashi, ƙananan jakunkunan iska na ƙasan huhunsa suna rufewa. Wanda ba ya iya tari, majina tana taruwa, nan da kwana biyu zuwa uku ga zazzaɓi ga ciwon huhu. Wanda ba ya tashi, jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafarsa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Hanji yana jinkirin farkawa. Zuciyar dattijo kuma tana ta aikin da ya fi ƙarfinta saboda bugu da hawan jinin da ciwo ke tayarwa. Ni a wurina tambayar da ta fi lamba daraja ita ce: zai iya yin abin da muke buƙata ya yi yau? Idan ya ce 5 amma ya yi tari mai kyau, ya zauna bakin gado, ya taka zuwa banɗaki, hankalina a kwance yake. Idan ya ce 3 amma ya ƙi juyawa, da sauran aiki.

Bayan lamba, ki ce ya nuna miki wurin da yatsa, ya kuma kwatanta miki irin ciwon da kalmominsa. Ciwon yanka yana kan ɗinki, zogi ne da suka, yana tashi da motsi. Ciwon kayan ciki murɗa ne, mutum ba ya iya nuna shi da yatsa ɗaya sai ya shafa da tafin hannu, yakan zo da tashin zuciya. Ciwon jijiyar da aka taɓa kuwa ƙuna ne, ko wani abu kamar jan lantarki, har zanin gado idan ya goge wurin sai ya zabura. Wannan na ukun mofin ba ya yi masa aiki sosai, sai a yi ta ƙara masa a banza, alhali wani maganin daban yake buƙata. Idan kin ji waɗannan kalmomi, ki rubuta su yadda ya faɗe su.

Akwai ciwon da amsarsa ba maganin ciwo ba ce, kuma a nan na taɓa yin abin kunya. A shekarata ta farko, wani dare, wani bawan Allah da aka yi wa aikin ƙaba da allurar kashin baya ya yi ta juye-juye yana cewa mararsa. Na ba shi abin da aka rubuta, bai lafa ba. Na kira likita aka ƙara wani, bai lafa ba. Babbar ma'aikaciyar da ke tare da ni ta zo, ba ta ko kalli takarda ba, ta ɗage zani ta ɗora hannu a ƙasan cibiyarsa, ta tambaye shi yaushe rabonsa da fitsari. Mafitsara ce ta cika ta yi tauri. Ana sa masa roba, kafin jakar ta gama cika ya yi barci. Tun ranar ban ƙara ba da maganin ciwo ban ɗage zani na duba wurin ba.

Ƙa'idar da nake riƙe da ita ita ce ciwon tiyata yana da tafiyarsa: ya fi tsanani a kwana ɗaya zuwa biyu na farko, daga nan ya riƙa sauka. Ciwon da ya saɓa wa wannan, wanda ya sauka ya dawo da ƙarfi a kwana na uku ko na biyar, ko ya canza wuri, ko ya fi ƙarfin maganin da jiya ya wadatar, likitan da ya yi aikin yake buƙata. Ciki ya kumbura ya yi tauri ga bugun zuciya yana gudu, ki yi tunanin zubar jini a ciki ko ɗinkin hanji ya saki. Ƙafa ko hannun da aka ɗaure da siminti ko bandeji, ciwo ya wuce misali, kuma idan kin miƙar da yatsunsa a hankali sai ya yi ƙara, wannan kumburin tsoka ne da ke shaƙe hanyar jini, awoyi kaɗan ke tsakanin ceto gaɓar da rasa ta. Kada ki jira sai bugun jijiya ya ɓace, wannan a ƙarshe yake zuwa. Ciwon ƙirji, ciwon sha-raɓa a ƙafa ɗaya, ɗinki ya yi ja yana zafi, duk ba a kwana da su. Ciwon kafaɗa bayan tiyatar da ake yi da kyamara ta ƙananan huda kuwa yawanci iskar da aka hura a ciki ce take taɓa tantanin da ke tsakanin ƙirji da ciki, yakan wuce cikin kwana ɗaya zuwa uku, tafiya tana taimaka masa.

Waɗanda ba za su iya ba ki lamba ba, an yi musu nasu ma'aunin. Ga ƙananan yara akwai FLACC da aka fitar a 1997, ana duba fuska, ƙafafu, motsi, kuka da ko yaro yana rarrasuwa, kowanne maki 0 zuwa 2. Yaron da ya ɗan tasa ana nuna masa zanen fuskoki ya zaɓa, amma ki ce ya nuna wadda ta yi daidai da ciwon da yake ji a jikinsa, kada ki kwatanta zanen da tasa fuskar. Ga tsofaffi masu ciwon mantuwa akwai PAINAD, ga wanda ke kan injin numfashi akwai CPOT. Abu ɗaya zan ƙara game da tsofaffi: dattijuwar da ta rikice bayan aikin karayar ƙugu, tana fizge robar ƙarin ruwa, tana faɗa idan an zo juya ta, kafin a ce rigima ce ko a nemi maganin sa ta barci, a fara zargin ciwo. Ki tambayi wanda ke jinyarta yadda take nuna ciwo a gida.

Yanzu rubutu. Jimlar da na fi tsana a fayil ita ce "majinyaci yana nan lafiya, an ba da magani kamar yadda aka rubuta." Wadda ta karɓe ki da ƙarfe biyun dare ba abin da za ta tsinta a ciki. Ki kwatanta da wannan: "Ƙarfe 9:10 na dare. Ciwo a kan ɗinki, zogi. Kwance 4, da tari 8, ba ya iya tari. A farke yake, numfashi 18 a minti. Ɗinki a bushe, ciki da laushi, ya yi fitsari. An ba da mofin miligiram 2 ta jijiya, sau biyu. Ƙarfe 9:40. Kwance 2, da tari 4, ya yi tari ya fitar da majina. Yana ɗan gyangyaɗi amma yana farkawa da kira, numfashi 14. Babu tashin zuciya." Bai kai minti biyu ba wajen rubutawa, amma duk wanda ya karanta ya san adadin da ya yi wa wannan mutumin aiki, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da yadda jikinsa ya karɓa.

Ki lura da rabin na biyu, na ƙarfe 9:40. Shi ne wanda ya fi ɓacewa a fayiloli. Ana tambaya, ana ba da magani, ana sa hannu, ba a komawa. Bayan allurar jijiya ki koma cikin minti 15 zuwa 30, bayan na haɗiya kamar awa ɗaya. Ni nakan rubuta lokacin komawar a bayan hannuna ko a 'yar takardar aljihu, don ɗaki idan ya cika kai ba ya riƙewa. Ban da wannan, awon ciwo yana tafiya tare da sauran awo: akai-akai a ɗakin farfaɗowa, sannan a riƙa buɗe tazara har ya koma kamar duk awa huɗu, gwargwadon tsarin ɗakinku. Idan ya ƙi magani, ki rubuta dalilin da ya bayar, saboda dalilin ne za a yi wa magani. Kada ki tara gurabe ki cike su gaba ɗaya lokacin tashi. Jerin 3, 3, 3, 3 da biro ɗaya kowa ya san yadda aka yi shi. Littafin magunguna masu tsaro kuma a nan take ake cike shi, da shaida, har da ragowar da aka zubar.

Sai dai lamba ita ma tana da nata haɗarin. A tsakiyar shekarun 1990 ƙungiyar masana ciwo ta Amurka ta yi kira da a ɗauki ciwo a matsayin awo na biyar, bayan zafin jiki, bugun zuciya, numfashi da hawan jini, kuma a 2001 hukumar tantance asibitocin ƙasar ta shigar da auna ciwo cikin sharuɗɗanta. Niyya mai kyau ce, ta sa aka fara tambaya. Amma wasu wurare sun mayar da abin lissafi: lamba kaza, miligiram kaza, ba tare da kallon mutumin ba, aka kuma riƙa neman kai kowa 0. Aka samu masu nutsewa cikin barci saboda yawan magani, kuma ana lissafa wannan salo cikin abubuwan da suka taimaka wa annobar magungunan dangin ofiyam, irin su mofin, a ƙasar. A 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta janye goyon bayanta ga wannan take. Ki gaya wa majinyaci tun farko cewa ba a yi masa alkawarin 0 ba, abin da ake nema shi ne ciwon da zai bar shi ya yi numfashi, ya yi tari, ya taka, ya yi barci.

Maganar magani, tsarin da ake bi yau shi ne haɗa magunguna masu aiki ta hanyoyi daban-daban, kowanne ya ɗauki wani kaso na kayan, don kada a jibga wa mofin shi kaɗai. Likitan fiɗa ɗan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan tun farkon shekarun 1990. Tsanin ba da maganin ciwo mai hawa uku, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986 don ciwon daji aka yi shi, daga ƙasa ake hawa. Bayan tiyata daga sama ake farawa a riƙa saukowa.

Tushen ginin farasitamol ne, giram 1 duk awa shida ga babba, kada a wuce giram 4 a yini, a rage wa wanda bai kai kilo 50 ba ko mai ciwon hanta. Mutane suna raina shi, amma idan an ba shi a kan lokaci yana rage yawan mofin da za a buƙata. Ki duba kada a ninka shi ba a sani ba, saboda yana ɓoye cikin wasu ƙwayoyin haɗi. A kansa sai dangin ibuprofen da diclofenac, masu kyau ƙwarai ga ciwon motsi da na ƙashi, amma a yi hattara da mai ciwon ƙoda, mai gyambon ciki, wanda ke zubar da jini, wanda ruwan jikinsa ya yi ƙasa, mai asmar da irinsu ke tayarwa, da tsofaffi. Kafin ki ba da su ki leƙa jakar fitsari. Waɗannan biyun da agogo ake ba da su a kwanakin farko. Rubutun "idan ya buƙata" shi kaɗai tarko ne: sai ciwo ya tashi, ya yi ta jurewa, ya kira, ki gama abin da kike yi, ki nemo makulli, kafin maganin ya kama an yi awa guda ko fiye, kuma ciwon da ya riga ya kai ƙololuwa ya fi cin magani. Idan kin san za a canza bandeji ko za a tayar da shi tafiya, ki ba da na haɗiya kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin nan. Filo a kan ɗinki lokacin tari, ɗaga gaɓar da ta kumbura, da yi wa mutum bayanin abin da ke faruwa, duk suna rage wani abu.

Allurar tsoka, wadda da yawanmu muka taso da ita, ƙa'idojin yanzu ba sa son ta. Tana da zafi, kuma shigarta jini ba tabbas, musamman ga wanda jikinsa ya yi sanyi bayan tiyata. Wanda zai iya haɗiya a ba shi ta baki, wanda ba zai iya ba ta jijiya.

Tsoronki na mofin yana da amfani idan kin san inda za ki ajiye shi. Numfashi ba ya tsayawa haka kwatsam. Barci ne yake fara zuwa, shi ya sa idonki zai fi zama a kan farkawarsa fiye da kan adadin numfashi. A sikelin Pasero, wanda ake auna nauyin barcin mai karɓar irin wannan magani da shi, matakan a fili suke: barci na al'ada da ake tashi da sauƙi, a farke sarai, ɗan gyangyaɗi mai saurin farkawa, duk waɗannan ba laifi. Wanda yake magana da ke barci ya ɗauke shi a tsakiyar jimla, wannan ya kai matakin da za a dakata a kira likita a rage. Wanda ba ya farkawa sai da girgiza, ko ba ya farkawa sam, gaggawa ce. Da dare, kafin ki tashe shi, ki tsaya ki ƙirga numfashinsa minti guda cur, ki duba zurfinsa, don da kin taɓa shi zai gyaru ya ɓoye miki. Minshari mai yankewa ba alamar daɗin barci ba ce. Kada na'urar yatsa mai auna oksijin a jini ta yaudare ki, wanda ke kan iskar oksijin lambarsa tana iya zama lafiya alhali numfashinsa ya yi ƙasa ƙwarai.

Idan kin samu mutum ba ya farkawa, numfashi ya sauka ƙasa da 8 a minti, ƙwayar ido ta tsuke: ki tsayar da maganin, ki girgiza shi ki ce ya yi numfashi, ki buɗe hanyar iska, ki sa oksijin, ki kira taimako, a kawo naloksan, maganin da ke warware aikin mofin. Yawanci ana tsinka kwalbar maikrogiram 400 a riƙa ba da kaɗan kaɗan har numfashi ya dawo, saboda idan an tura duka lokaci guda zai farka cikin azabar ciwo. Kuma naloksan yana riga mofin ƙarewa, don haka kada ki bar gadon ki ce an gama. Ki san inda yake a ɗakinku tun kafin ki buƙace shi. Waɗanda za ki fi sa wa ido su ne tsofaffi, masu ƙiba da masu shaƙewa cikin barci, masu ciwon huhu, masu ciwon ƙoda da ragowar mofin ke taruwa a jikinsu, da wanda aka haɗa masa da maganin barci. Daren farko ya fi kowanne. Da wannan sa ido, ba da mofin ta jijiya kaɗan kaɗan, miligiram 1 zuwa 2 da tazarar mintuna bisa rubutun likita, ya fi aminci a kan allura ɗaya babba. Inda ake da famfon da majinyaci ke danna wa kansa, wanda aka fi saitawa miligiram 1 da kullen minti biyar, wato ko ya sake dannawa ba zai ba shi wani ba sai minti biyar sun cika, amincinsa a kan abu ɗaya yake: idan barci ya ɗauke shi zai daina dannawa. Ki gaya wa masu jinya ƙarara cewa ba wanda zai danna masa, komai tausayi.

Sauran dangin mofin a taƙaice. Fetidin yana barin wani abu a jiki mai sa jijjiga, an daina son sa. Taramadol yana sa amai, yana iya tayar da farfaɗiya, kuma ba ya jituwa da wasu magungunan damuwa. Kodin sai hanta ta juya shi zuwa mofin, wani jikin ba ya juyawa sam, wani kuma yana juyawa fiye da kima, shi ya sa aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 da masu shayarwa. Fentazosin yana da iyakar da ƙari ba ya ƙara sauƙi, kuma yana iya rage aikin mofin idan an haɗa. Duk wanda ke kan waɗannan, a tanadi maganin amai da na taurin bayan gida tun ranar farko. Na ga waɗanda suka gwammace ciwo a kan amai da ɗinki a ciki, kuma ban ga laifinsu ba. Batun sabo kuwa, haɗarinsa ya fi yawa a ci gaba da sha makonni bayan sallama, ba a kwana biyun da kike ba shi a kan gado ba. Wanda dama yake kan irin wannan magani kafin tiyata zai buƙaci fiye da na kowa, kuma ba a yanke masa nasa na kullum.

Wanda aka kashe wa jijiyar hannu ko ƙafa da allura zai fito yana murna da 0, sai tsakar dare allurar ta sake shi gaba ɗaya. Ki tambayi likitan sa barci awa nawa za ta yi, ki fara na haɗiya kafin lokacin. Wanda aka bar wa siririyar roba a kashin baya ana tura maganin kashe ciwo ta cikinta, ki riƙa sa shi ɗaga ƙafafu. Nauyin ƙafa da ke ƙaruwa, ko sabon ciwon baya, kira ne na nan take. Idan an sa mofin cikin allurar kashin baya, kamar yadda ake yi a tiyatar haihuwa, sa idon numfashi har awa 24 ne. Jin ɗanɗanon ƙarfe a baki, mutuwar leɓe ko ƙara a kunne alama ce maganin kashe wuri ya shiga jini da yawa, a tsayar a kira.

Kada girman yanka ya zama ma'auninki. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan majinyata sama da 50,000 a asibitoci 105 na Jamus ya nuna cewa ayyukan da ake kira ƙanana, irin su cire afendis, basur da tansil, suna cikin waɗanda suka fi ciwo a rana ta farko, wasu har sun zarce manyan ayyukan ciki, saboda manyan ana shirya musu, ƙananan kuwa ana raina su. Kuma abin ba ya ƙarewa a ƙofar asibiti: bayan ayyuka irin su ƙaba, nono, ƙirji da yanke gaɓa, wani kaso na mutane ciwon yana bin su fiye da wata uku, kuma tsananin ciwon kwanakin farko yana cikin abubuwan da ke tafiya da hakan. Ranar sallama ki tabbatar ya san wanne zai fara dainawa, wato mai ƙarfin, wanne zai bari a ƙarshe, da irin ciwon da zai sa ya dawo ba tare da jiran ranar da aka ba shi ba.

Saura kiran likita da dare, wanda sabbin ma'aikata ke jin nauyinsa. Idan kin ce "mai gado na shida yana jin ciwo," amsar da za ki samu ita ce "ki ba shi abin da aka rubuta." Ki riƙe fayil a hannu ki ce: "Likita, mai gado na shida, kwana ɗaya da buɗe ciki. Kwance 6, da tari 9, ba ya iya jan numfashi. Ya sha farasitamol ƙarfe takwas, ya samu mofin miligiram 6 cikin awa ɗaya, bai sauka ba. A farke yake, numfashi 22, bugun zuciya ya hau daga 88 zuwa 116, cikin ya fi ɗazu tauri. Ina so ka zo ka duba shi yanzu." Sannan ki rubuta lokacin da kika kira, da wanda kika kira, da abin da ya ce. Idan minti 15 ta wuce bai iso ba, ki kira na sama da shi.